Baƙon fadamar Jibiya: Yadda ake gane tsuntsun da ba ya yarda a gan shi

Duk wanda ya taɓa bi ta Magamar Jibiya zai shiga Jamhuriyar Nijar ya san cewa, aƙalla a ƙa'ida, babu mai wucewa sai an tambaye shi daga ina, zuwa ina, da me ya ɗauko. Direban babbar mota da takardunsa, ɗan kasuwa da rasiɗinsa, ma'aikaci da katinsa. A 'yan shekarun nan ma takardar ba ta yi wa kowa amfani ba na wani lokaci, domin an rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilun 2022, sannan aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. A duk tsawon wannan lokaci akwai wani matafiyi da bai fasa ƙetare wannan iyaka ba ko da shekara ɗaya, kuma yawancin masu zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi ba su taɓa sa shi a ido ba.

Manoman rani da makiyaya sun fi kowa saninsa, ko da yake su ma sanin na ƙiftawar ido ne. Mutum yana tafe da sassafe cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa a gefen ruwa, hankalinsa na kan injin ban ruwa ko kan shanunsa, sai kwatsam wani abu mai ruwan ƙasa ya tashi fir daga gabansa, ya yi wata 'yar ƙara, kafin gabansa ya daina faɗuwa abin ya ɓace. In aka tambaye shi me ya gani, iyakar abin da zai ce shi ne wani tsuntsu mai dogon baki. Littattafan tsuntsaye suna kiransa sinaif, da wannan suna kuma za mu tafi a nan. Sunan ba baƙo ba ne sosai a kunnenmu. Sojojin Ingila da suka zauna a Indiya a ƙarshen ƙarni na 18 sun lura cewa harbin wannan tsuntsu sai gwani na gwanaye, saboda haka suka ciro sunan gwanin harbi daga sunansa, kalmar da yau ake jin ta a labaran yaƙi, ake kuma ganin ta a jikin kwalbar maganin ƙwarin nan na Sniper.

Sai dai abin da ake kira tsuntsu ɗaya, a arewacin Najeriya iri huɗu ne, kuma kama da wane ba ta wane. Uku baƙi ne daga Turai da arewacin Asiya, ɗaya ɗan gida ne. A cikin baƙin akwai wanda yawansa ke raguwa a duniya, wanda kuma tafiyarsa ta ba masana mamaki. Rarrabe su ba ya buƙatar digiri. Yana buƙatar mutum ya san abin da zai duba a cikin daƙiƙa uku ko huɗu da tsuntsun zai ba shi.

Me ya kawo shi nan?

Amsar ita ce laka. An kammala madatsar ruwa ta Jibiya a 1989 a kan kogin Gada, tana da tsawon mita 3,660, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa mita miliyan 142 na awon murabba'i mai zurfi, domin noman rani da ruwan sha. Daga nan ruwan yakan gangara ya tsallaka iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta ƙasar Madarunfa inda tafkin nan yake, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake karkatowa Najeriya ya haɗu da ruwan Rima. Kogi ne na damina, wanda ke gudu 'yan watanni ya tsaya. Da zarar ruwan sama ya ɗauke, madatsar takan fara ja da baya sannu a hankali, kowane mako tana barin sabuwar gaɓa mai caɓi da gajeriyar ciyawa. Haka ma bakin magudanan ban ruwa, da gonakin shinkafa bayan girbi, da kududdufan da ba su gama ƙafewa ba. Sinaif ba ya son ruwa mai zurfi kamar agwagwa, ba ya kuma son fili tsirara kamar balbela. Abin da yake nema shi ne ƙasa mai laushin da baki zai shige ta, da ciyawar da za ta rufe shi.

Bakin nan shi ne dukiyarsa. Miƙaƙƙe ne kamar tsinke, ya kai ninki biyu na tsawon kansa, kuma ƙarshensa cike yake da jijiyoyin ji. Tsuntsun ba ya ganin abincinsa. Yakan caka bakin cikin laka, sama da ƙasa, sama da ƙasa, kamar allurar keken ɗinki, har ya ji motsin tana ko tsutsa ko ƙaramin dodon koɗi. Abin sha'awa shi ne yana iya buɗe ƙarshen bakin kaɗai yayin da sauran yake a rufe a cikin ƙasa, ya cafke tanar ya zuƙe ta ba tare da ya zaro bakin ba. Idanunsa suna can sama kusa da ƙeya, ta yadda ko kansa na sunkuye yana ganin abin da ke tahowa ta baya. Ƙafafunsa gajeru ne, jikinsa a dunƙule, bayansa kuma ratsi-ratsi ne na baƙi da ruwan ƙasa da ruwan tsakuwa, daidai da launin busasshiyar ciyawa a kan laka. In ya ji motsi ba ya gudu. Yakan yi likimo ne, ya saje da wurin, ya jira a wuce.

Wannan hali shi ne matakin farko na raba shi da maƙwabtansa. Bakin ruwa a lokacin hunturu cike yake da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, wasu na kaɗa gindi yayin tafiya, wasu na sauka garke guda a gonar shinkafa. Duk wanda ka hango tsaye a fili yana kiwo hankali kwance, ƙafafunsa dogaye, bakinsa bai wuce tsawon kansa da yawa ba, to ba shi ba ne. Zakaran ƙeƙuwa kuwa, mai baƙi da fari da yawan kwarmato, tun daga nesa zai sanar da duniya ka iso. Sinaif shi ne wanda ba ka san yana nan ba sai da ya tashi.

A tashin ake gane su

Mafi yawa a cikinsu, wanda kuma aka fi cin karo da shi daga watan Oktoba zuwa Maris, shi ne sinaif na gama-gari, wanda masana ke kira Gallinago gallinago. Girmansa bai wuce na kurciya ba, tsawonsa santimita 25 zuwa 27, bakin kaɗai ya ci shida zuwa bakwai. Ba ya bari a matso shi ƙwarai. Tun kana da taku goma ko goma sha biyar zai fashe da gudu sama, ya yi wata ƙara mai kaushi, gajeriya, kamar an fizge takalmi daga cikin taɓo. Daga nan sai zulliya, dama, hagu, dama, da saurin da ido ba ya iya bi, sannan ya ɗaga sama sosai, ya yi nisa, wani lokaci ya kewayo ya sauka a wata fadamar dabam. In ido ya samu dama, abu biyu za a duba: cikinsa fari ne tas, ratsin ya tsaya a haƙarƙari, kuma akwai siririn farin layi a bakin fiffikensa ta baya. In an yi sa'ar ganinsa a ƙasa, za a ga layi mai haske ya ratsa tsakiyar kansa daga goshi zuwa ƙeya.

A ƙasarmu shiru yake yi ban da wannan ƙara ta firgita. A can inda yake hayayyafa, namijin yakan hau sama ya sulmiyo ƙasa da gashin gefen jelarsa a buɗe, iska ta riƙa kaɗa gashin yana fitar da sauti kamar kukan akuya. Shi ya sa mutanen Finlan suke kiransa akuyar sama, haka ma wasu Jamusawa. Mu dai ba mu da rabon jin wannan, domin kafin lokacin ya yi ya bar mu.

Na biyu shi ne wanda ya sa aka yi wannan rubutu: babban sinaif, Gallinago media. A tsawo bai fi na farko da komai ba, santimita biyu ko uku ne, amma a nauyi yakan kusa ninka shi. Ƙirjinsa cike yake, bakinsa ya ɗan fi gajarta da kauri, shi ya sa a sama yake kama da tsuntsun da ya ƙoshi. Tashinsa ya saba da na ɗan'uwansa ta kowace fuska. Yakan bari ka zo kusa, taku huɗu ko biyar, sannan ya tashi da nauyi, har ana jin ƙarar fukafukansa, galibi ba tare da kuka ba, in ma ya yi to wani ɗan gurnani ne ƙasa-ƙasa. Ba ya zulliya. Yakan miƙe sak, ƙasa-ƙasa da ciyawa, ya yi 'yar tafiya kaɗan ya faɗa. A lokacin da zai sauka ne yake tona asirin kansa, domin yakan baza jela, sai a ga fari ƙal a kusurwoyinta biyu. Fiffikensa yana da layuka biyu na fararen ɗigo a tsakiya, cikinsa kuma ratsi-ratsi ne kusan gaba ɗaya, ba fari tas ba. A lura cewa farin jelar bai cika fitowa sosai a jikin 'yan shekarar farko ba, saboda haka ratsin ciki da miƙaƙƙen tashi sun fi zama abin dogaro. Wurin zamansa ma ya ɗan bambanta: ya fi son jiƙaƙƙiyar ciyawa da ke nesa kaɗan da ruwa a kan caɓin bakin ruwa, kuma lokacinsa ya riga na sauran, daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da fadama ke cike da tana.

Mai karatu zai iya cewa, wa ke da natsuwar duba jela da ciki alhali gabansa na faɗuwa? Gaskiya ne, a karon farko babu. Dabarar masu wannan harka ita ce su manta da launi su riƙe hali. Daga nesa ya tashi ko daga kusa? Ya yi kuka ko shiru? Ya yi zulliya ya hau sama, ko ya miƙe ya faɗa nan kusa? Wanda ya amsa waɗannan uku ya gama rabin aiki. Kuma tunda babban ba ya nisa, ana iya lura da inda ya faɗa a sake tayar da shi sau ɗaya, wannan karon ido na kan jela. Fiye da sau ɗaya zalunci ne, za a ga dalili nan gaba.

Na uku, ƙaramin sinaif, Lymnocryptes minimus, ba shi da yawa a nan. Nauyinsa kusan na ƙwan kaza ɗaya ne, bakinsa gajere, tsakiyar kansa baƙi babu layi mai haske, bayansa da ratsi biyu masu ruwan zinari. Ya fi kowa taurin rai wajen likimo, sai ka kusa taka shi zai tashi, shiru, ya yi 'yan mitoci ya sake faɗawa. Wanda ya gan shi yana kiwo zai ga jikinsa na sama da ƙasa ba tsayawa, kamar an ɗora shi kan sifirin.

Na huɗu ɗan gida ne, kuma a gaskiya aron sunan aka yi masa, domin danginsa na kusa shi ne tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado. Shi ne sinaif mai ado, Rostratula benghalensis, wanda ke Afirka duk shekara yana bin ruwa inda ya sauka. Ƙarshen bakinsa ya ɗan lanƙwasa ƙasa, fukafukansa masu faɗi ne, in ya tashi kuma ƙafafunsa na reto, yana tafiya a kasalance kamar wanda aka tasa daga barci. Alamarsa ba ta ɓuya: farin zobe a ido wanda ya ja har baya kamar an zizara farin kwalli, da farin layi da ya kewaye kafaɗa kamar igiyar jakar 'yan makaranta. A gidansu al'amura a juye suke. Macen ce babba, ita ce mai ado, wuyanta ruwan makuba, ita ce kuma ke kira da dare, da wani sauti kamar ana hura bakin kwalba. In ta saka ƙwai, galibi huɗu, sai ta bar wa namijin kwanci da reno ta ƙara gaba. Shi wannan a cikin fadamunmu yake sheƙa, don haka wanda ya gan shi da damina ya kula da inda yake sa ƙafa.

Falken da ba ya ya da zango

Babban sinaif yana hayayyafa a wurare biyu: a dausayin Folan da Belarus da Rasha, da kuma kan duwatsun Norwe da Suwidin, daidai inda dajin dutse ke ƙarewa ya bar gajerun itatuwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. A can, da almuru a watannin Mayu da Yuni, mazan kan taru a dandali guda, kowa ya hau ɗan tudunsa, ya kumbura ƙirji, ya baza farin jelar nan, yana kaɗa baki, matan na zagayawa suna zaɓe. Farin da muke dubawa a Jibiya don mu gane shi, a can kayan neman aure ne. Yana da 'yan'uwa da suka fi shi son tsauni, irin su sinaif na dajin Himalaya da ke sheƙa a sama da mita 3,000, amma waɗannan ba sa zuwa Afirka.

An daɗe da sanin cewa yana zuwa Afirka, amma ba a san yadda yake zuwa ba, domin ba a cika ganinsa a ƙasashen da ke kan hanya ba. A 2009 masu bincike na Jami'ar Lund ta Suwidin suka ɗaura wa maza goma wata 'yar na'ura mai nauyin kusan giram ɗaya a lardin Jamtland. Bayan shekara guda suka sake kama uku daga cikinsu. Abin da na'urorin suka nuna, wanda Raymond Klaassen da abokan aikinsa suka wallafa a 2011, shi ne cewa tsuntsayen sun yi tafiyar kilomita 4,300 zuwa 6,800 ba tare da sun sauka ba ko sau ɗaya, cikin kwana biyu zuwa huɗu, wani lokaci da gudun da ya kai kilomita 97 a sa'a. Don a gane girman abin, kilomita 6,800 ya yi kusan tafiyar jirgin alhazai daga Kano zuwa Jidda da dawowa. Kuma ba don babu wurin sauka ba ne. Sun bi ta kan dausayi masu kyau a Turai suka wuce, suka ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara a tashi ɗaya.

Bincike na baya, wanda Ake Lindstrom ya jagoranta aka wallafa a 2021, ya ƙara wani abin mamakin. Tsuntsayen sukan hau sama da rana su sauko da dare, bambancin ya haura mita 2,000, kuma an samu ɗaya da ya kai mita 8,700. Dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, mafi tsawo a Najeriya, bai kai mita 2,500 ba. Wannan tsuntsu da bai cika tafin hannu biyu ba ya kusa kai tsayin Ebares.

Guzurinsa kitse ne. Kafin ya tashi yakan ci tana har nauyinsa ya kusa ninkawa, a hanya kuma ya ƙone shi kaf. Inda yake fara taɓa ƙasa shi ne yankin da ke kudu da Sahara a Afirka ta Yamma, wato irin ƙasarmu, a ƙarshen damina. Binciken ya nuna na Suwidin sukan yi kimanin mako uku a wannan zango suna mayar da jiki, sannan su ƙarasa zuwa ƙasan kogin Kwango inda suke cinye sauran watannin, su kama hanyar gida a watan Afrilu. Ke nan tsuntsun da ya tashi a gaban manomi a watan Satumba, ya yi 'yar tafiya ya faɗa, mai yiwuwa kwana uku da suka wuce yana kan dutse a arewacin Turai, kuma babu abin da ya rage a jikinsa sai ƙashi da gashi. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a yawan tayar da shi.

Abin da ke kan layi

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa babban sinaif cikin jerin waɗanda suka kusa shiga haɗari. Ya taɓa hayayyafa a Jamus da Denmak, ya ɓace daga can bayan an zuƙe dausayinsu an mayar da su gonaki. Ba harbi ne kaɗai ya kore shi ba, ƙasar ce ta bushe ta yi tauri, baki ya daina shiga. Duk wanda ya san yadda fadamun ƙasar Hausa suka sauya cikin shekara talatin zai gane labarin. Inda da ake ban ruwa da jigo, yanzu injina ne ke zuƙa dare da rana. Ana nome gaɓa har bakin ruwa ba a bar ko taku ɗaya na ciyawa ba. Ana haƙar yashi a cikin gulbi, ana yanka filaye a wuraren da kakanninmu suka san hanyar ruwa ce. Ga feshin maganin ƙwari da na ciyawa, wanda ba ya tambayar wace tsutsa ce ta cutar da tumatir, wace ce ke gyara ƙasa.

Ba na cikin masu ganin laifin manomin rani. Mutumin da ke neman abin da zai ciyar da iyalinsa a ƙaramar hukumar da rashin tsaro ya hana noma a gonaki da dama ba zai bar gefen ruwa don tsuntsu ba, kuma babu mai hankalin da zai nemi ya bari. Madatsar ma da ta rage ambaliyar da ke jiƙa fadamun ƙasan gulbi, ita ce ta samar da gaɓar laka mai daɗewa har cikin bazara. Abin da ake bukata kaɗan ne: 'yar tazarar ciyawa tsakanin kunya ta ƙarshe da ruwa, wadda dama tana hana zaizayar ƙasa da cikewar madatsa da yashi, da barin wasu lungunan da ba sa nomuwa yadda suke. Ƙasar da sinaif ke samun tana a cikinta ƙasa ce mai rai, kuma ɗan kasuwar da ya zuba jari a noman albasa ko alkama yana da buƙatar wannan ran fiye da tsuntsun.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, maganar tana da takarda. Najeriya da Nijar duka suna cikin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a 1995. Ƙasashen biyu sun kuma sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yadda za su raba ruwan kogunan da suka haɗa su, kuma kogin Gada da Gulbin Maraɗi na cikin waɗanda aka ambata da suna. Ruwan da aka saki ko aka riƙe a Jibiya shi ke yanke hukuncin ko fadamar Madarunfa za ta jiƙe. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma zai bi ta Jibiya. Zai kawo ciniki, ciniki zai kawo gine-gine, gine-gine kuma sun fi son fili mai araha, wanda sau da yawa fadama ce. A lokacin da za a yanke shawarar inda za a cike da inda za a bari, abin da ke rubuce kaɗai ake dubawa. Wurin da babu wanda ya taɓa rubuta abin da ke cikinsa, a takarda fili ne kawai.

A nan ne gane tsuntsun yake da amfani. Kowace Janairu tun 1967 ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, a Najeriya kuma dausayin Haɗeja da Nguru ne ya fi samun masu ƙidaya. Irin wannan ƙidaya tana kama agwagi da dinya da zalɓe, masu zama a fili a lissafa su. Sinaif ba ya shiga lissafi sai an taka ciyawarsa, babban kuma ya riga ya wuce Kwango kafin Janairu. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos take gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsawo da faɗi, masu sa kai kuma suna shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser a wayarsu. Akwai matasan Arewa da dama a cikin aikin. Malamin makaranta a Jibiya, ko jami'in kwastan da ke hutun ƙarshen mako, ko ma'aikacin hukumar kogunan Sakkwato da Rima, kowannensu na iya zama mutum na farko da ya rubuta babban sinaif a gidan taswirar da yake zaune.

Wanda zai gwada ya fita da sanyin safiya ko dab da magariba, lokacin da tsuntsun ke fitowa gefen ciyawa. Ya sa rana a bayansa, ya sa tufa marar haske, ya yi tafiya a hankali yana tsayawa. Madubin hangen nesa yana taimakawa, amma a tashi ido tsirara ya fi sauri. Halin da yankin ke ciki ya sa dole a ƙara da cewa kada kowa ya tafi shi kaɗai, kada ya yi nisa da gari, ya nemi izinin mai gona, ya kuma sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro abin da ya kawo shi, domin baƙon da ke leƙe-leƙe da madubi a bakin iyaka yana iya jawo wa kansa tambayoyin da ba na tsuntsu ba. Ya rubuta rana da wuri da irin ƙasar, da amsar tambayoyin nan uku, tun kafin zuciya ta fara ƙawata abin da ido ya gani. In manomin wurin ya faɗa masa sunan da suke kiran tsuntsun da shi, ya rubuta wannan ma.

Ko tsuntsun bai tashi ba, laka takan ba da labari. A duba gefen ruwa inda ƙasa ke da laushi: in aka ga ƙananan ramuka a cunkushe wuri guda, kamar an yi ta caka tsinken tsire, da sawun yatsu uku a gaba, da ɗigon farin kashi a kusa, to sinaif ya yi kiwo a nan cikin dare, kuma mai yiwuwa yana cikin ciyawar da ke bayanka.